Masu jiran mota, ku zo mu jajanta wa juna: taku wata nawa ta yi a hanya?

Baban Ilham, Columbus, Amurka

Assalamu alaikum. Jama'a, yau wata bakwai cif da na ba da kafin alƙalami na motar Honda Civic Type R, wadda ake ce wa FL5, fara. Har yanzu ko lambar shasi ban gani ba, balle motar.

Ga wanda bai san ta ba, ƙaramar mota ce mai ƙofa biyar, jan gaba, injinta lita 2 mai turbo, ƙarfin doki 315, giya shida ta hannu. Babu otomatik ko da za ka yi kuka. A 2023 ta zagaye filin tseren Nürburgring na Jamus cikin minti 7 da daƙiƙa 44 da 'yan kai. Abin da ya ja ni ke nan, shi kuma ya jefa ni cikin wannan hali.

Abin da yake ba ni dariya da haushi lokaci guda: injin motar a garin Anna ake haɗa shi, nan jihar Ohio, bai kai tafiyar awa biyu daga gidana ba. Sai a ɗora shi a jirgi zuwa Japan, a sa shi cikin mota a masana'antar Yorii, sannan motar ta sake hawo teku ta dawo. Wato maƙwabcina ne ya tafi yawon duniya, ni ina ƙofar gida ina jiran sa.

A nan ba oda ake yi maka da sunanka ba. Dila ana ba shi kasonsa ne, abin da ya samu shi zai raba wa na kan layi. Dilan farko da na je wurinsa ya ɗora dala dubu goma a kan farashin kamfani, ya ce in ban so akwai masu so. Na ce Allah ya ba da kasuwa. Na biyun ya yarda da farashin kamfani, amma ni ne na huɗu a layi. Duk Juma'a sai na buga masa waya, amsar ɗaya ce: ba labari tukuna. Na riga na sayi shimfiɗar ƙasan mota da rigar rufe ta, suna jingine a gareji. Maman Ilham duk sanda ta wuce sai ta ce ga sirdi ga linzami, saura doki.

Duk wanda ya taɓa irin wannan jira, ya ba mu labari. Wata nawa, kuma me ya riƙe ta?

Ɗan Fagge

Wa'alaikumussalam. Malam, wata bakwai ba lambar shasi? Ai ba mota ka saya ba tukuna, alkawari ka saya. Ka tabbatar dai an rubuta a takarda cewa kafin alƙalamin nan ana mayarwa in ka fasa.

Maman Sultan, Leicester, Ingila

Baban Ilham sannu, na san ciwon. Irin taka ce tawa, sai dai baƙa, sitiyari a dama. Na sa suna a watan Afrilun 2023, na karɓa ranar 1 ga Maris 2024.

Mu nan abin ya fi ciwo saboda wadda ta gabace ta, FK8, a Swindon ake yin ta, cikin ƙasar nan. An rufe masana'antar a Yulin 2021, shi ya sa a lokacin kowa sai ya zuba wa Japan ido. An ce min za ta iso a Janairu. Ana nan sai rikicin Bahar Maliya ya taso, bayan 'yan Houthi sun kama jirgin dakon motoci Galaxy Leader a Nuwamban 2023. Jirage suka daina bi ta Suez, suka koma zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu. Na samu sunan jirgin da ya ɗauko tawa, na sa manhajar bibiyar jirage a waya. Wallahi ko a wurin aiki, lokacin hutun shayi, ɗan ɗigon nan nake kallo yana rarrafe a gefen Namibiya. Da ya zo daidai gaɓar Afirka ta Yamma na turo wa ƙanena hoto a Kaduna, na ce ga motata nan ta wuce ku ba ta tsaya gaisuwa ba.

Ta iso ƙarshen Fabrairu. Da yake a nan Maris da Satumba ake sauya lambar mota ta sabuwar shekara, ni da kaina na ƙara kwana shida don in samu lamba mai 24. Bayan wata goma sha ɗaya, kwana shida ba komai ba ne. Abin da zan ce maka, ranar da ka samu lambar shasi rabin wahalar ta ƙare. Kafin nan ne mutum yake zama kamar mai jiran gawon shanu.

Alhaji Na-Gwammaja

Ku yi min haƙuri 'ya'yana, ni tsoho ne. Mota mai kujera huɗu kacal, ga ta a ƙasa kamar kunkuru, ga kuloci a cikin cunkoso, a ce kuma sai an bi layi ana roƙo? Mu a zamaninmu kuɗi ke jiran mota ta fito, in ta fito mai ita ke neman ka. To Allah ya kawo ta lafiya, ya tsare ku da gudu.

Baban Ilham

Amin Baba, mun gode. Kwaɗayi ne, mabuɗin wahala, mun sani.

Mai Golf, Kano

Ku masu sabuwa dal ai gata gare ku. Bari in ba ku tawa.

Golf GTI ce ƙirar 2017, mai giyar hannu, na saya a gwanjo a Amurka ta hannun wani abokin karatuna. Lokacin da na fara tara kuɗin a tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 750. Kafin in cika, a Fabrairun 2024, ta haura 1,500. Haka na rufe ido na biya, don na riga na sa rai.

An ɗauko ta a tirela aka kai ta Baltimore, tana jiran jirgin Legas. Ranar 26 ga Maris da safe ina shan koko sai na ga bidiyo yana yawo: jirgin kwantena mai suna Dali ya daki ginshiƙin gada, gadar ta rufto cikin ruwa, ma'aikata shida suka rasu. Na ce innalillahi, na wuce. Sai da azahar abokina ya kira ya ce ai ka san motarka tana bayan gadar nan ko? Babu jirgin da zai shiga, babu wanda zai fita. Hanyar ba ta buɗe gaba ɗaya ba sai a watan Yuni. Mun yi sati uku muna shawara, daga ƙarshe na sake biyan kuɗin tirela aka kai ta wata tashar a New Jersey.

Tafiyar teku ita ce mai sauƙi, ba ta kai wata guda ba ta sauka tashar Tinkan a Legas. Daga nan sai ni da ejan. Kullum gobe, kullum saura sa hannu ɗaya, kuɗin ajiya kuwa yana ta hawa. Sai ka ce an aiki bawa garinsu. Da na matsa sai na gano kuɗin da na tura masa ya fara fitar da motar wani da su, yana jiran wancan ya biya shi. Sai da na hau motar dare na je Legas da kaina na zauna masa a ofis kwana uku.

Ranar da aka sauke ta a Kano na buɗe ƙofa, ga kujerun nan masu zanen dara-dara lafiya lau, amma kan giyar babu. Wanda ya san GTI ya san kan giyarta kamar ƙwallon golf yake, mai 'yan ramuka. Wani ya cire abinsa a hanya, ƙarfe tsirara aka bar min. Da tsumma na naɗe na kai ta gida. Mahaifina ya fito ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce yanzu duk wannan tashin hankalin na wata biyar a kan Golf ne? Irin ta hayar Katsina? Ban ce komai ba. Washegari na ɗauke shi muka hau titin Zariya, ko Kwanar Dawaki ma ba mu kai ba ya ce in rage, ya yarda ba ta haya ba ce.

Ɗan Maraɗi

Salamu alaikum 'yan'uwa, ina hwatan kuna lahiya. Ku dai kun ga naku. Ni tawa a bidiyo kaɗai na san ta.

Renault Mégane RS ce, ta hannu, daga Faransa, ruwan lemu, mai ƙarfin doki 280, wadda tayoyinta na baya ma suke ɗan juyawa in ka sha kwana. An ɗora ta a jirgi a tashar Anvers ta Beljiyam, ta sauka Kwatano cikin watan Yulin 2023. Mai yi min takardu ya ce sati guda ta kama hanyar Malanville, ta haye gada zuwa Gaya, a yi duwan, wato kwastan, sai Maraɗi. Ranar 26 ga wata aka yi juyin mulki a Yamai. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka.

Wata takwas tana ajiye a fili kusa da teku. Duk wata ina aika kuɗin gadi da na wuri. Wani yaro yakan ɗauko min bidiyonta: batir ya mutu, taya biyu sun sace, faifan birki ya yi ja da tsatsa saboda iskar gishiri. Wasu sun karkatar da kayansu ta Lome, su bi ta Burkina cikin ayari da rakiyar soja. Na yi lissahi, na dubi hanyar, na dubi ƙasan motar, na ce wannan ba za ta kai da ranta ba. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 na yi murna, ashe gadar ba za ta buɗe ta ɓangarenmu ba. Nan na haƙura na sayar wa wani ɗan Kwatano da hasara mai yawa. Makullinta na biyu yana nan wurina, tun farko aka aiko min shi ta hannun wani matafiyi. Na ce zan aika wa mai ita, har yau ban aika ba.

Maman Sultan

Kai, Allah ya mayar maka da alheri ɗan'uwa. Na ji kunyar ƙorafina.

Injiniya, Boston

Ni ma ban ga tawa ta farko ba. GTI ce sabuwa, tana cikin jirgin Felicity Ace da ya taso daga Emden a Jamus zai zo Rhode Island, ya kama da wuta kusa da tsibiran Azores a Fabrairun 2022. Motoci kusan 4,000, har da Porsche da Bentley da Lamborghini. An ceto ma'aikatan jirgin 22 duka, shi kuwa ya nutse ranar 1 ga Maris. Ban yi asarar ko sisi ba tunda ba a damƙa min ita ba, sai dai na koma layi, wata biyar aka kawo wata. Yarana har yanzu suna cewa Baba yana da mota a ƙarƙashin teku.

Bakanike, Kofar Ruwa

Mai Golf, in ba ka yi ba, ka juye baƙin mai da man birki, kada ka yarda da abin da ta zo da shi. Motar da ta yi watanni a tsaye ba a fara ta da gudu. Sannan injin turbo ba ya son man bumburutu, ka riƙe gidan mai ɗaya da ka yarda da shi. Kan giyar kuma na duba maka a nan, na ƙananan Golf ne kawai, mai ramukan babu.

Baban Ilham

Jama'a ga labari. Dila ya kira ɗazu ina cikin Masallaci, na fito na tarar da saƙo. Biyu daga na gabana sun fasa, kaso ya zo, ya turo lambar shasi, harafin farko J, wato ta Japan ce da gaske. Matsala ɗaya: shuɗiya ce, ba fara ba. Ya ce ko in karɓa ko in koma jiran fara, bai san yaushe ba, kuma yana son amsa kafin ƙarfe biyar. Na karanta labarin Ɗan Maraɗi sau biyu a cikin mota, na kira shi na ce a rubuta sunana. Kujerun dai ja ne ko wace kala ce, shimfiɗar gareji za ta shiga. Ya ce sati shida zuwa takwas.

Mai Golf

Ma sha Allah, Allah ya sa a kashe lafiya. Shuɗin ma ya fi ɓoye ƙura. Malam, in za ka zo gida da Babbar Sallah don Allah ka taho min da kan giya mai ramuka, na 2017, giya shida. Zan turo maka hoton.