Me ya sa mutum-mutumin jaruman fim ke da tsada haka?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Abokina ya dawo daga Malesiya da ɗan mutum-mutumin Batman na kamfanin Hot Toys. Tsayinsa bai wuce santimita 30 ba, amma wai kuɗinsa ya haura dala 200. Ni kuwa ga irinsa nan birjik a shagunan kayan wasan yara. Don Allah masana, me ake saye a nan? Ko suna ne kawai?

Mai Zane:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, koma wurinsa da rana, ka matsar da abin kusa da taga. Batman fuskarsa a rufe take, don haka haɓa da leɓe za ka duba. Na kasuwa launi ɗaya ake watsa wa fatar, shi ke nan. Wannan kuwa hawa-hawa ake fentinsa da hannu: ɗan ja a gefen baki, duhu-duhun gemun da aka aske, har ƙofofin gashi za ka gani. Sai ka duba ɗinkin rigar. Girman ɗaya bisa shida ne na mutum, to dole zare da kalmasa su ma su ƙanƙance, in ba haka ba sai ya fito kamar yaron da ya saka babbar rigar babansa.

Ni dai na fi son waɗanda ba sa motsi, irin na Weta Workshop da ke Wellington a New Zealand, mutanen da suka ƙera sulke da takubban finafinan The Lord of the Rings. Da polystone ake zuba su, wato rezin (wani irin ƙaro mai daskarewa) da aka cuɗa da garin dutse. In ka ɗauka za ka ji nauyi da sanyi a tafin hannunka, kuma yana riƙe ƙananan zane, ɓawon jikin dodo ko tsagar bakin takobi, fiye da roba. Amma fa in ya faɗi sai dai haƙuri.

Abin da nake fara dubawa shi ne tsayuwa. A wace ƙafa nauyin jikin yake? Kafaɗa da ƙugu sun bi wannan nauyin? Gwani ko dodo mai fukafukai ya sassaƙa, sai ka yarda yana da ƙashi da tsoka a ciki.

Injiniya_K:
Ai yanzu yawanci a kwamfuta ake yi da manhajar ZBrush, injin 3D mai buga abu da siffarsa ya fitar. Ina gwanintar?

Mai Zane:
Injiniya, manhaja ba ta san yadda fata ke naɗewa a gwiwar hannu ba, mutum ne ke zama ya tsara. Bayan injin ya fitar kuma ga goge-goge, ga zubi, ga fenti, duk hannu ne.

Yayar Ummi:
Ƙanena, kafin ka zuba kuɗi ka tuntuɓi malaminka kan ajiye surar mai rai a ɗaki, ka san maganar ba ƙarama ba ce a wurinmu. In kuma na abokinka ne, ka gaya masa ya nema masa akwatin gilashi kafin hunturu. Ƙura na shigewa lungunan zanen, zafin Afrilu kuma yakan lanƙwasa na roba, rana ta koɗar da fenti.

Ɗan Fagge:
Na gode Yaya. Ni kallo kawai zan yi, aljihuna bai kai nan ba. Mai Zane, ta yaya ake gane jabu a hoto?

Mai Zane:
Ka ce a turo maka hoton idon daga kusa. Na jabu kusan kullum ƙwayar idon ɗaya na kallon gabas, ɗaya na kallon yamma, fentin kuma ya tsallake layi.