F4 ta Saudiyya: mota iri ɗaya ce, to ina bambancin yake fitowa?

Ɗan Kornish:
Assalamu alaikum jama'a. An ce a gasar F4 (Formula 4, tseren motoci na matasa masu tasowa) ta Saudiyya, wadda aka fara a 2024, duk yaran mota iri ɗaya suke tuƙawa. To me ya sa a titin Jidda ake ganin wani ya ba wani tazarar daƙiƙa biyu a zagaye guda? Ko dai ana fifita wasu wajen inji ne? Masana, a warware mana.

Malam Makaniki:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, cire batun inji daga ranka. Motar Tatuus F4-T421 ce, injinta Abarth mai lita 1.4 da turbo, ƙarfinsa wajen doki 180, giya shida da ake sauyawa daga bayan sitiyari. Ƙungiya ɗaya ce, Meritus.GP, take kula da motocin gaba ɗaya. Abin da ake taɓawa kaɗan ne: kusurwar fiffike, tsayin mota daga ƙasa, karkatar taya, rabon birki tsakanin gaba da baya, sai iskar taya.

Iskar nan ita ce ke cin mutane. Tayar ba ta da zane, sai ta yi zafi take kama ƙasa, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ɗaga awon iska da kusan 0.07 a ma'aunin bar. Idan taya ta tashi daga digiri 30 zuwa 80, iska ta ƙaru da wajen 0.35 ke nan. Shi ya sa ake zuba ta ƙasa da yadda ake so, a bar zafi ya cike sauran. In aka cika tun a gareji, bayan 'yan zagaye tsakiyar tayar ya kumbura, wurin da ke taɓa kwalta ya ragu, mota ta fara zamiya, zamiyar kuma ta ƙara zafi. Ga laimar bakin teku: danshi a cikin taya yana sa awo ya yi tsalle fiye da lissafi, don haka busasshiyar iska ko naitirojin ake sawa. Da mota ta dawo a auna zafi a wuri uku, ciki da tsakiya da waje. In ciki ya fi waje zafi sosai, to karkatar ta yi yawa.

Umman Faisal:
Malam ya faɗi na mota, amma a ganina direba ne kaso mafi girma. Titin Jidda kilomita 6.174 ne, kwana 27, kusan duka tsakanin bango biyu, zagaye ɗaya a F4 ya haura minti biyu. Yaro ɗan shekara 15 da ya fito daga tseren kat, wato ƙananan motocin da yara ke fara tsere da su, idan yana asarar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a kowace kwana saboda tsoron bango, ka lissafa: 2.7 ke nan. Ga tazarar da kake tambaya.

Motar ba ta da ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki. Ana danna birki da ƙarfi a farko, lokacin da gudu ke danne motar, sannan a riƙa sassautawa ana shiga kwana. Sabon direba yana yin akasin haka, sai tayar gaba ta ƙulle a kwana ta 1 ko ta 27, gefe guda ya cinye, sitiyari ya kama rawa har ƙarshen tsere. In kuma ya mayar da rabon birki baya da yawa don gudun hakan, bayan motar ne zai juyo masa.

Abu Sudais:
Hajiya, a ƙara da fakewa a bayan mota. Ba su da fiffike mai buɗewa irin na manya, don haka a miƙaƙƙen titi wanda ke biye shi ke samun sauƙin iska. A gwajin neman layi (inda saurin zagayenka ke ba ka wurin tsayawa a farkon tsere) ma kowa na jiran wanda zai bi, har lokaci ya ƙure. Amma in ka manne da yawa, fiffiken gaba ya rasa iska a kwanoni masu gudu, lagireto ma ya ɗau zafi. Dabarar Jidda dai ita ce a ajiye zagaye mai kyau da wuri, domin mutum ɗaya ya daki bango an ɗaga jar tuta, an tsayar da kowa.

Ɗan Kornish:
Allah ya saka da alheri. To wanda ya ci kakar, me yake samu?

Malam Makaniki:
A tsarin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, zakaran F4 na ƙasa yana samun maki 12 daga cikin 40 da ake nema kafin lasisin Formula 1, in gasar ta cika sharuɗɗa. Ka lura kuma ba a Jidda kaɗai ake yi ba: a 2024 an yi tsere a Kuwait da Lusail ta Katar, a 2025 aka fara daga Bahrain. Kwaltar Bahrain kaushi gare ta, tana cin tayar baya, ta Jidda kuwa sumul ce, don haka saitin da ya yi aiki a can sai an sake shi kafin a sauke mota a nan.