Muhawarar da ta ɓarke kan maganin rituximab

Ɗan Fagge: Wallahi raina a ɓace yake. Wata huɗu kaluluwa na wuyan Yayana, muna cewa ta ciwon haƙori ce, ashe kansar jini ce, wadda suke kira limfoma. Likita ya rubuta rituximab, za a haɗa masa da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, har zagaye shida. Kafin a ɗaura ruwan farko sai da muka sayar da filin Inna. Tun 1997 Amurka ta amince da maganin nan mai warkar da mutane, amma har yau talaka sai ya sayar da gado?

Malam na Gwale: Allah ya ba shi lafiya. Amma gyara harshenka, ɗan'uwa. Magani ba ya warkarwa, Allah ke warkarwa.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, ba wa'azi na zo nema ba.

Maman Walida: Kullum haka kuke! Mutum na kuka, ku kuna gyara masa lafazi.

Sista Mai Jinya: Ko a likitance kalmar tana son bayani. Rituximab sojan garkuwar jiki ne da aka ƙera a ɗakin bincike. Yana bin jini yana neman wata alama, CD20, da ke jikin fararen ƙwayoyin jini nau'in B. Da ya same ta sai ya manne, garkuwar jiki ta zo ta kashe ƙwayar. Wasu nau'o'in limfoma akan rabu da su kwata-kwata, wasu lafawa suke yi su dawo. Don Allah, an yi masa gwajin ciwon hanta nau'in B kafin a fara? Maganin yana iya tayar da shi in yana kwance a jiki.

Malam na Gwale: Kun ji ko? Ita ma ta ce lafawa yake yi.

Sista Mai Jinya: Cewa na yi wasu, Malam.

Baban Sadik: Ku kai shi Indiya kawai. Tun 2007 kamfanin Dr. Reddy's ya fitar da irinsa mai rahusa. Surukina can ya warke.

Malam na Gwale: Can Allah ya warkar da shi.

Ɗan Zazzau: Indiya, Indiya! Mu ba mu da likitoci ne?

Maman Walida: Waɗanda suka kwashe suka tafi Saudiyya?

Ɗan Zazzau: Hajiya, ƙaninki ba a Jidda yake aiki ba? Kada ki sa in yi magana.

Maman Walida: Yi mana! Wa ya riƙe maka baki?

Ɗan Fagge: Sista, maganar hantar nan ta tsaya min a rai. Gobe da asuba zan duba takardunsa.

Shugaban zaure: Jama'a, ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda da gyaran da Malam ya yi, har Sista ta tabbatar da shi a ilimance. Maman Walida, ki ba Malam haƙuri, malaminmu ne. Mai niyyar taimaka wa Ɗan Fagge ya same ni ta gefe. Na rufe zauren sai da safe.