Kunya da kara ne suka daƙile binciken ƙwaƙwaf a ƙasar Hausa?

Malamin Jarida: Assalamu alaikum. Ni dai a ganina kunya da kara sun fi tsoron ɗan sanda yi wa binciken ƙwaƙwaf illa a wurinmu. Ku dubi gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, amma sai a Disambar 2000 jaridar Washington Post ta Amurka ta fito da labarin dalla-dalla. Mu idan yaro ya rasu sai a ce kwana ya ƙare, wanda ya tsananta tambaya kuma a ce yana fama wa iyaye ciwo.

Hajiya Edita: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Waccan jaridar tana da kuɗin da za ta saki wakili ya yi watanni a kan labari guda, ga lauyoyi a bayansa. Namu wakilin labari uku ake jira daga gare shi kafin la'asar. Kuma a Kanon nan Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya saki bidiyon da ake zargin gwamnan Kano na lokacin, Ganduje, da karɓar daloli a Oktoban 2018. Gwamnan ya musanta, ya kai ƙara, shi kuwa ɗan jaridar ya je gaban kwamitin majalisar dokoki ya tsaya a kan maganarsa.

Inda kara ke shigowa daban ne. Ka'ida ce a ba wanda ake zargi damar kare kansa. To, ranar da takardar tambayoyi ta isa ofishinsa, ba wakilin zai kira ba. Zai nemi mahaifinsa, ko surukinsa, ko limamin unguwarsu, a wayi gari dattijo ya zo da kansa yana cewa a bar maganar don girmansa. Maganin wannan tsari ne. Kada a aika tambayoyi sai an gama rubutu, lauya ya duba, kwafin hujjoji yana hannun editoci biyu. A ba da wa'adi a rubuce, kwana biyu ko uku. Kada a ɗora wa ɗan gari binciken mai garinsu. A kuma yi yarjejeniya da wata kafa a saki labarin lokaci guda, don wakilin ya iya gaya wa dattijon gaskiya cewa abin ya fita daga hannunsa.

Ustaz: Allah ya saka, Hajiya. Ina so a raba al'ada da addini, don ana yawan fakewa da suturta Musulmi. Gaskiya ne aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane da giba. Amma Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, ciki har da kai kukan zalunci, neman taimako a kawar da ɓarna, da gargaɗin jama'a kan abin da zai cuce su. Sutura tana kan laifin da ya tsaya tsakanin bawa da Ubangijinsa. Kuɗin rijiyar burtsatse da aka cinye haƙƙin al'umma ne. Sharaɗin yana aya ta 6 ta wannan surar: a tabbatar kafin a yaɗa.

Barista: Ustaz, abin da ka faɗa ya zo daidai da dokar Final Kod (Penal Code, kundin hukunta laifuka) da ake aiki da ita a Arewa. Sashe na 391 ya fayyace ɓata suna, na 392 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, kuma gaskiyar magana kaɗai ba ta fitar da mutum, sai an nuna bayyana ta amfanin jama'a ne. Don haka a cire duk abin da ya shafi iyalin mutum idan bai taɓa dukiyar jama'a ba. Zargin zina kuwa a jihohin da ke shari'a yana iya zama ƙazafi, bulala 80.

Ga kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Inda ake kuskure shi ne a nemi "duk bayanan kwangiloli". A rubuta sunan aikin, shekarar kasafin, da takardar da ake so, kamar takardar ba da kwangila da shaidar biyan kuɗi. A sa a buga hatimin karɓa a kwafinka, don shi kotu za ta fara tambaya.

Wakiliyar Rediyo: Ku yi haƙuri iyayena, duk maganar ofis kuke yi. A ƙauye hujjar tana cikin gida, inda namiji baƙo ba ya shiga. Ku tuna gubar dalma da haƙar zinare ta jawo a Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. An binne su ranar da suka rasu, babu takardar mutuwa, wasu kuma sun ɓoye don tsoron a hana haƙar zinare. Irin wannan aiki dole a tafi da mace. Kada a tambayi uwa "'ya'yanki nawa suka rasu?" kai tsaye, don alkunya na iya sa ta tsallake ɗan fari, ko sunansa ba za ta kama ba. A tambayi kaka, kishiya da ungozoma, kowacce ita kaɗai. A daidaita lokaci da Sallah, azumi ko girbi, sannan a gwada da abin da masu haƙar kabari suka ce. A gaida mai unguwa tukuna, in ba haka ba ƙofa ba za ta buɗu ba, amma kada a yarda ɗan rakiyarsa ya zauna wurin hira.

Malamin Jarida: Kin ƙara mini hujja ne, 'yata. Gidan marin Rigasa a Kaduna, inda aka fito da mutum sama da 300 a Satumbar 2019, wasu da sarƙa a ƙafa, 'yan sanda ne suka fasa shi. Sannan aka bi da na Daura. Waɗannan gidaje a tsakiyar jama'a suke, kuma da yawa iyaye ne suka kai 'ya'yansu. Wane edita ne ya tura wakili kafin samamen? Ba a taɓa malami, shi ke nan.

Hajiya Edita: A nan kam na ba ka gaskiya, Malam. Wurin da aka raɓa da sunan addini yana da wuyar taɓawa. Amma akwai hanya: a fara da waɗanda suka fito, a samu aƙalla uku da ba su san juna ba, likita ya duba tabon, sannan a nemi malaman da jama'a ke ji su yi bayani a cikin rahoton, don kada a juya shi ya zama yaƙi da makarantun allo.

Ustaz: Ɓoyayyiyar kyamara fa? Na san rahoton BBC na 2018 kan maganin tari mai kodin, da ita aka yi shi, har gwamnati ta hana haɗa maganin tarin da shigo da shi. Amma wanda ya buɗe maka zaurensa ya ba ka ruwa, ka ɗauke shi a ɓoye, akwai cin amana a ciki. Ban ga halascinta ba sai cutar ta shafi rayuka kuma babu wata hanya.

Wakiliyar Rediyo: Shi ya sa gidajen rediyo da yawa ke komawa habaici: "wani babba a wata ma'aikata". Mai sauraro ya gane, ba a kuma ci fuskar kowa ba.

Barista: 'Yar'uwa, wannan ba ya kare kowa. Idan jama'a za su iya gane wanda ake nufi, yana da damar kai ƙara ko ba a kama sunansa ba. Idan kuma ba za su gane ba, an shafa wa duk daraktocin ma'aikatar kashin kaji, mai laifin ya ɓace a cikinsu. Sunan da ka'idar aikin jarida ta ce a ɓoye shi ne na yaro ɗan ƙasa da shekara 16 a shari'ar fyaɗe, da na majiyar da aka yi wa alkawari. Jami'in da takardar biyan kuɗi ke ɗauke da sa hannunsa, a faɗi sunansa da muƙaminsa, a karanta amsarsa kamar yadda ya bayar.