Kayan marmari da kirim ɗin dangwale a walimar bazara

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da zafi. Walimar saukar Alƙur'ani ce ranar Asabar bayan la'asar, mutum kamar 40, a tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Ana so a fitar da 'ya'yan itace tare da kirim ɗin da ake dangwala. Me za a saya, nawa, kuma yaya za a yi kada ya zama ruwa tsululu kafin baƙi su zauna?

Hajiya Mai Girki: Wa'alaikumus salam, Allah ya sanya albarka a karatu. Ki riƙe wannan tun farko, Maman Ilham: kada ki haɗa 'ya'yan itacen da kirim a roba ɗaya, kuma kada ki barbaɗa musu sukari. Sukari yana janyo ruwan da ke cikin kankana da mangwaro waje, cikin minti 20 za ki tarar da su suna iyo, kirim ɗin ya tsinke. Kowanne da mazubinsa, a bakin mai ci za su haɗu.

Lissafi kuwa, ki ba kowane mutum giram 150 na tsoka bayan an fere, wato kilo 6 ke nan da ɗan rara. Kankana mai kilo 5 tana bayar da kusan kilo 3, amma ki sayi biyu, don ba a sanin cikinta sai an fasa. Abarba rabinta ɓawo ne da zuciya, manya biyu sun isa. Mangwaro manya 12. Kirim kuma cokalin cin abinci biyu ga kowa, ki yi lita ɗaya da rabi ki huta.

Malam Mai Lemo: Hajiya ta gama lissafi, saura saye. Ki aika 'Yan Lemo da ke Na'ibawa da sassafe ranar Alhamis ko Juma'a, kafin rana ta bugi kaya. Kankana a juya ta a duba inda ta kwanta a ƙasa: in wurin rawaya ne ta nuna a gona, in fari ne an yi gaggawar cire ta. A ɗauka a ji ta fi girmanta nauyi, a buga da tafin hannu a ji sauti mai zurfi. Abarba a sansana gindinta. Ƙamshin zaƙi ake nema, in an ji tsami-tsami kamar tana tashi, ta wuce. Kuma a sani abarba ba ta ƙara zaƙi bayan an cire ta, laushi kawai take yi, don haka ajiye ɗanya a ɗaki jiran gawon shanu ne.

Mangwaro ki nemi mai tsoka marar zare. Ƙanana masu zaren nan na tsotsa ne, wuƙa ba ta fitar da su gida-gida. Ki latsa kusa da hancinsa, ya ɗan lotsa kaɗan ya dawo. Wanda fatarsa ta yi rawaya gaba ɗaya amma babu ƙamshi, cikinsa kuma da tauri da tsami, sau da yawa da sinadarin kabaid aka tilasta masa nuna. NAFDAC ta sha gargaɗi a kan wannan, a bar shi a wurin.

Anti Rabi: Ni kirim ɗin nan da kindirmo nake ba da shawara a yi shi, amma tatacce. Kindirmo haka nan ba ya kama jikin mangwaro, zamewa yake yi ya ɗiga wa mutum a riga. Ga yadda ake yi tun daga madarar gari.

Daren Alhamis: madarar gari mai maiƙo giram 500, ruwan da aka tafasa lita biyu da kwata. A bar ruwan ya huce har a iya tsoma ɗan yatsa mai tsabta a ƙirga goma ba tare da an janye ba, wajen digiri 43 ke nan. A dama madarar sosai kada a bar gudaji, a zuba yogot marar sukari cokali 5 a matsayin iri, a juya sau ɗaya, a rufe, a lulluɓe da tawul. A zafin watan Afrilu awa 5 zuwa 6 ya kama. Wanda ya bar shi ya kwana har hantsi zai tashi da tsami mai kama haƙori. In ruwan ya yi zafi da yawa irin ya mutu, madara za ta kwana tana madara.

Da ya kama, a saka firij ya yi sanyi tukuna. Sannan a shimfiɗa sabon matacin koko, wanda aka wanke da ruwan zafi, a cikin rariya, a ɗora rariyar a kan roba, a juye kindirmon, a mayar firij awa 4. Kada a matse, a bar shi ya ɗiga da kansa. Ruwa mai launin rawaya zai taru a ƙasa, abin da ya rage a sama zai kai lita ɗaya da rabi ko kusa, ki tsayar da cokali a ciki ya ɗan tsaya kafin ya kwanta.

A kowane kofi 4 na tataccen: zuma cokali 6, fanila ƙaramin cokali ɗaya, gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, da kankararren ɓawon lemon tsami guda biyu, koren kawai, farin da ke ƙasa ɗaci ne. In sukari za a sa, a niƙa shi ya zama gari, domin mai tsakuwa ba ya narkewa a abu mai sanyi da kauri, ana jin sa ƙaras-ƙaras.

Ummu Khalil: Anti, kindirmon matan Fulani fa? Ya fi ƙamshi ai.

Anti Rabi: Ya fi, babu musu. Amma na taro ne, kuma da yara. Sai in kin san mai shi, kin tabbata tana tafasa madarar kafin ta kwantar. A tabbatar kuma kindirmo ne, ba tsala ba. Tsala an kaɗe an cire man, an ƙara ruwa, ko kwana kika yi kina tacewa ba za ki samu abin kirki ba.

Zee Kek: Ku yi haƙuri iyayena, ni dai ina ganin kindirmo zalla ya yi nauyi a baki, yara kuma suna ture shi saboda tsami. Wifin kirim, wanda ake bugawa ya kumbura, ya fi ɗaukar ido a tire. Na gari, wato na hoda, ake samu a shagunan kayan kek na Sabon Gari, kuma shi ya fi jure zafinmu, don man tsirrai ne a ciki. Sharaɗinsa sanyi: ruwan ko madarar da za a buga shi da ita ta kusa ƙanƙara, robar da bakin mikza su yi minti 15 a firiza. Ma'auni a bi na jikin ledar, kowane kamfani da nasa. Minti 3 zuwa 4 ya tashi. Na ruwa na kwali, wanda aka yi da ainihin madara, sai mai ɗinsa ya kai kashi 30 cikin 100 yake tashi, kuma in aka zarce da bugu ya fara yin gudaji, ya kama hanyar zama man shanu, ba ya dawowa.

Hajiya Mai Girki: Zee, wifin kirim zalla a ƙarƙashin rumfa da ƙarfe huɗu na yamma, iska ce a ciki, rabin awa ya kwanta. Kuma zaƙi a kan zaƙi ne, mangwaro yana son abin da zai ɗan tsinka masa zaƙin. A raba gardama: kofi 2 na kindirmon Anti Rabi, kofi 1 na bugaggen kirim ɗinki. A zuba kirim ɗin a kan kindirmo kashi uku, ana ɗagowa da cokali daga ƙasa zuwa sama a hankali, ba juyin kunu ba. Yana fitowa da sauƙi a baki, kuma yana tsayawa. Sai a rage zuma zuwa rabi, tunda na garin da sukarinsa yake zuwa.

Zee Kek: Na yarda Hajiya, wannan ya fi.

Malama Hadiza: Akwai abu ɗaya da yake ɓata wa mutane aiki ba su san daga ina ba. Ɗanyar abarba da gwanda suna da sinadarin da ke narkar da furotin, shi ya sa ake sa su a nama mai tauri ya yi laushi. To madara ma furotin ce. In ruwan abarba ya zauna a cikin kirim na awa ɗaya ko biyu, sai kirim ɗin ya saki ya koma ɗaci, a yi ta zargin madara ta lalace alhali lafiyarta lau. Dangwalawa a ci nan take ba ta da matsala. Matsalar ita ce roba ɗaya babba da mutum 40 suke tsoma abarba a ciki, kowa yana barin ɗigo. Kiwi ma haka yake. Wuta tana kashe sinadarin, shi ya sa abarbar gwangwani ba ta yin haka. Wanda yake so ya sa abarba a cikin kirim ɗin kansa, ya dafa ta minti 5 tukuna ta huce.

Wannan ne ma dalilin da jeli ba ya daskarewa in an sa masa ɗanyar abarba.

Maman Ilham: Ikon Allah. To ke nan kowa da kofinsa za a yi?

Malama Hadiza: Shi ya fi tsabta ma. Ƙananan kofunan roba masu murfi, irin na yaji, cokali biyu a kowanne. Babu mai gatsa ya mayar.

Hajiya Mai Girki: Yanka kuma, safiyar Asabar za a yi, ba daren Juma'a ba. A wanke bayan kankana da abarba da mangwaro tas a goge kafin wuƙa ta taɓa su, don wuƙar tana ɗaukar ƙurar ɓawo ta kai ta cikin tsoka. Katako da wuƙa su zama waɗanda ba su ga albasa ko nama ba. Kankana tana kwashe warin albasa, ko katakon an wanke shi.

Girman yanka kamar babban ɗan yatsa, yadda tsinke zai riƙe kuma a ci a loma ɗaya. Mangwaro a yanke kumatunsa biyu a gefen ƙwallo, a tsaga tsokar gida-gida ba tare da an huda fatar ba, a turo ta daga baya, a sheme da wuƙa. Kowane iri a robarsa daban. Kankana a bar ta a rariya minti 15 ta tsane kafin a rufe.

In za a jera a tsinken tsire, a datse bakin mai tsini da almakashi bayan an gama sokawa. A fara da abarba a ƙare da abarba, ita ce mai ƙarfi da ke tare sauran kada su zame. Gida huɗu ko biyar a tsinke ya isa.

Ummu Khalil: Ayaba da tuffa ba wanda ya ambata.

Zee Kek: Ayaba a bar ta, Yaya. Tana baƙi, tana laushi, tana shafa wa maƙwabtanta wari. In dole ne, a yanka minti 10 kafin a fitar, a shafe ta da ruwan lemon tsami. Tuffa ta fi haƙuri: gishiri rabin ƙaramin cokali a kofin ruwa ɗaya, a jiƙa minti 5, a ɗauraye, a tsane. Tana yin awanni fara tas, kuma ba a jin gishirin. Sitiroberin Jos kuwa lokacinsa sanyi ne, wanda ya rage yanzu ya sha hanya a zafi, a duba ƙasan robar kafin a biya kuɗi.

Baban Sadiq: Ni maganar sanyi zan yi, don nan ne ake samun ciwon ciki bayan biki. Ƙa'idar da masana lafiyar abinci suke bayarwa: yankakken ɗan itace da duk abin da ke da madara kada su wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1 ce kacal. Mu a Kano a watan Afrilu muna kaiwa 40 da rana, ke nan awa ɗaya ce tamu, ko a inuwa. Kada a dogara da wuta ranar. A sayi ƙanƙarar bulo guda biyu da safe, a sa a babbar kula, a shimfiɗa tawul a kai, a jera robobin a rufe ruf don ruwan ƙanƙara kada ya shiga. Bulo ya fi daɗewa a kan farfasasshiya.

A riƙa fitarwa kashi-kashi, tire biyu su ƙare sannan a ɗauko wasu. Tiren silba a ɗora shi a kan wani mai zurfi da aka cika da farfasasshiyar ƙanƙara, a rufe da murfin raga saboda ƙuda, lokacin mangwaro lokacinsu ne. Abin da ya dawo daga tire ba ya komawa firij.

Malama Hadiza: Ƙari a kan na Baban Sadiq, tunda taron yara ne. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma, ko lasawa. In an sa inibi, a tsaga shi ta tsawo gida huɗu ga 'yan ƙasa da shekara biyar, yana toshe maƙogwaro. Su a zuba musu a kofi da cokali, tsinke na manya ne. Soyayyar gyaɗa ko riɗi ko kankararriyar kwakwa da ake barbaɗawa a kai, a ajiye su a ɗan kwano a gefe, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, kuma in ta zauna a kan kirim tana yin laushi.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Tambaya ta ƙarshe, Anti Rabi: in na tashi Asabar na tarar kirim ɗin ya saki ruwa a sama fa?

Anti Rabi: Kada ki juya shi ciki. Ki karkata robar ki tsiyaye, ko ki ɗora tsabtataccen ƙyalle ya tsotse. In har yanzu da ruwa-ruwa, madarar gari cokali biyu a kowane kofi 4, ki juya, ki bar shi minti 20 a firij ya sha. Kirim ɗin Zee kuma kada ki haɗa shi sai ranar, bayan azahar, sannan ki zuba a kofuna.