Da gangan ake kashe abincin da ke cikin kuɗin tikiti a jiragen ruwan shaƙatawa?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum jama'a. Jiya na sauka daga tafiyar kwana bakwai a tekun Bahar Rum. Karo na uku ke nan ina shiga jirgin ruwan shaƙatawa, na farko a 2016. Ga abin da na dawo da shi, wanda zai ji haushi ya ji: da gangan kamfanonin nan suke kashe abincin babban ɗakin cin abinci, wanda kuɗinsa ke cikin tikiti, don mutum ya gaji ya nufi gidajen abincin da ake biya daban. Daren farko aka kawo mini kifi, faranti da zafi, kifin kuwa ya huce, miyar da aka zuba masa har ta yi fata. Ban ajiye cokali ba sai ga wani da kati a hannu yana tallar gidan gasasshen nama na hawan sama, wai yau kaɗai akwai rangwame. Biri bai yi kama da mutum ba?

Alhaji Tanimu: Wa alaikumus salam. Sannu da hanya, Hajiya. Biri ya yi kama da mutum, amma kama ce kawai. Na yarda suna son kuɗin da ake kashewa bayan an shiga jirgi. Manyan kamfanoni irin su Carnival, kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin shigarsu daga nan yake fitowa: abin sha, intanet, kantuna, yawon gari idan an tsaya, da gidajen abincin da kike magana. Amma a ce wani ya zauna a ofis ya ba kuku umarni ya ɓata girki? Ina! Mai kasuwar da rayuwarsa ta dogara ga fasinjan da zai sake dawowa ba zai yi haka ba. Tsuke bakin aljihu ne kawai. Lokacin korona jiragen nan sun fi shekara a ɗaure, daga Maris 2020 har tsakiyar 2021 kafin su soma tashi daga Amurka. A lokacin, bashin Carnival kaɗai ya haura dala biliyan 30. Wa kike zaton zai biya?

Hajiya Rabi: To ai ka faɗi maganata da bakinka, Alhaji. Ni zan biya, da kifi mai sanyi.

Alhaji Tanimu: A'a, akwai bambanci tsakanin wanda ya rage hannu saboda bashi da wanda ya ɗana miki tarko.

Malam Isuhu: Ga wanda ƙafarsa ke ciki, duk tarko ne, ranka ya daɗe.

Ummi: Ni dai, Hajiya, ki yi haƙuri da ni. Bara na shiga na farko kuma wallahi ban ga aibu ba. Kullum da daddare abin buɗe baki, babban abinci, abin zaƙi, in ban so ba a canza mini ba ko ɗaure fuska. Sabis ɗinmu, wato mai kawo mana abinci, tun dare na biyu ya riƙe cewa ba na shan ruwa mai ƙanƙara. A wane otel na tudu ake wannan a irin kuɗin da na biya?

Hajiya Rabi: 'Yata, wanda bai ga jiya ba shi ke yabon yau. A da sau biyu ake gyara maka ɗaki a yini, yanzu kamfanoni da yawa sun mai da shi sau ɗaya. A da ka buga waya a kawo maka abinci ɗaki kyauta, amma tun 2017 Royal Caribbean ta sa dala 7.95 kan kowace oda, ban da ɗan karin kumallo mara nauyi. Carnival kuma daga ƙarshen 2022 ta ce babban abinci na uku sai ka biya dala 5. Kaɗan-kaɗan ake zare zaren, wata rana mu farka babu zanen.

Malam Isuhu: Tsaya Hajiya, na uku? Mutum ya ci faranti biyu ya nemi na uku? Ai wannan dala biyar ɗin ma taimakon lafiyarsa aka yi.

Bashir: Hajiya, Alhaji, ku ba ni dama in sa baki duk da ni ƙarami ne a cikinku. Na yi kwantiragi huɗu ina sabis a babban ɗakin cin abinci, biyu kafin korona, biyu bayanta. Ba zan kama sunan kamfanin ba.

Kifin Hajiya ba kuku ne ya ɓata shi ba, hanya ce ta kashe shi. A babban ɗaki zama biyu ake yi, ɗaya wajen ƙarfe shida, ɗaya wajen takwas da rabi, kuma kowane zama mutane ɗaruruwa ne, a manyan jirage sun haura dubu. Ba a soya wa mutum dubu kifi ɗaya-ɗaya. Layi ake yi a kicin, wannan ya sa kifi, wannan ganye, wannan miya, a kifa murfi, a jera ƙarƙashin fitila mai zafi. Ni kuma in zo in ɗora faranti goma ko sha biyu a kan tire guda, in saɓa a kafaɗa, in hau matakala mai tafiya da kanta, in ratsa ɗakin har inda teburana suke. In na samu layin sabis a gabana, farantin ya yi minti goma yana jira. Shi ya sa faranti ke ƙona hannu, abin da ke kansa kuwa ya mutu.

A kwantiragina na farko ni da mataimakina muna da kujera goma sha takwas. A na ƙarshe ashirin da shida, mataimakin kuma rabawa muke da sabis na kusa da ni. Ban canza ba, kukun bai canza ba, kifin ma daga firiza ɗaya yake fitowa da na gidan abincin sama. Abin da ya bambanta, can sama kujerun ba su da yawa, sai ka yi oda ake ɗora tukunya, kuma tsakanin murhu da teburinka taku kaɗan ne. Abin da kike saya da ƙarin kuɗin nan, Hajiya, rabinsa kusanci da wuta ne. Nama kam gaskiya akwai bambanci, sukan sayo yanka mai tsada don can.

Hajiya Rabi: Allah ya yi maka albarka, Bashir. To wa ya mai da kujera sha takwas ashirin da shida? Aljani?

Bashir: Ofis ne, Hajiya.

Hajiya Rabi: Ofishin kuma bai san abinci zai huce ba? Ya sani sarai. Ya san kuma wanda abincinsa ya huce ina zai nufa. Alhaji na jiran sai an nuna masa takardar da aka rubuta "a ɓata kifi". Ba a rubuta irin wannan. Ka rage ma'aikata a ƙasa, ka ƙawata sama, ka tura mai kati ya zagaya tebura daidai lokacin da rai ya ɓaci, sauran aikin yunwa za ta ƙarasa.

Alhaji Tanimu: Nan kin ɗan kama ni. Amma bari in ƙara miki wani abu: raba fasinja gida-gida ba sabon abu ba ne a teku. Jirgin Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, mai zirga-zirga tsakanin Sawuthamton da Niyok tun 2004, ɗakin kwananka ne ke yanke inda za ka ci: mai ɗaki na yau da kullum Britannia, masu manyan ɗakuna Princess Grill ko Queens Grill. Ba su ɓoye ba. Sauran ma sun bi sahu da sunaye masu daɗi, MSC na da Yacht Club, Norwegian na da The Haven, sashe ne da ake keɓe wa masu tikiti mai tsada. Abin da ya faru shi ne tikitin ƙasa ya zama kuɗin shiga ƙofa, kowa ya ƙara daidai ƙarfinsa. Da don haka ba, da irin su Ummi ba su shiga ba. Araha ba ta ado.

Ummi: Kai Alhaji, ni aka mayar misalin araha?

Alhaji Tanimu: Tuba nake, 'yata. Ni ma a can nake kwana.

Dakta Zainab: Wani ɓangare na bushewar abincin, musamman a wurin ɗebi-da-kanka, dokar tsafta ce ke jawo shi. Duk jirgin da ke shiga tashoshin Amurka yana ƙarƙashin shirin duba tsafta na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wanda aka kafa a shekarun 1970. Sau biyu a shekara suke faɗowa ba sallama, su ba da maki bisa 100, wanda ya samu 85 ko ƙasa ya faɗi, kuma kowa na iya ganin sakamakon. Abinci mai zafi dole a riƙe shi da zafi, wanda aka fitar bisa agogo kuma awa huɗu ne iyakarsa, sai shara. Kaza ta zauna a kan tururi dole ta bushe. Ni na fi son busasshiyar kaza a kan cutar amai da gudawa ta norobairos, wadda in ta shiga jirgi sai ta zaga shi, don hannu ɗari ke taɓa ludayi guda.

Hajiya Rabi: Likita, dokar nan tana nan a 2016, kifina kuma da zafinsa ya zo.

Dakta Zainab: Wannan kuma gaskiya ne. Ban ce ita kaɗai ba ce.

Malam Isuhu: Ni abin da ke ɗaure mini kai girman jiragen ne. Icon of the Seas da ya fara tashi daga Mayami a Janairun 2024 yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ma'aikata kuma 2,350. Kusan mutum dubu goma ke nan suna neman abinci sau uku a rana a tsakiyar ruwa, babu kasuwar da za a aika yaro in albasa ta ƙare. Ni da aka ba ni burodi ma sai in yi godiya.

Hajiya Rabi: Ba sadaka suka ba ni ba, Malam. Har tukuici suna cira da kansu, kullum, kan kowane mutum, ko ka ji daɗi ko ba ka ji ba. Dala 16 zuwa 20 yawancinsu ke ɗorawa yanzu. Saura ƙiris in je in ce a cire mini shi.

Bashir: Alhamdulillahi da ba ki cire ba, Hajiya. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Kuɗin nan ba kamfani kike hanawa ba, babban kaso ne na abin da sabis da mai gyaran ɗaki ke aikawa gida. Yawancin abokan aikina 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, wata shida zuwa tara suke yi ba ranar hutu ko ɗaya. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta ce a ba ma'aikaci hutun awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 a mako. Ki lissafa abin da ya rage, shi ne abin da doka ta yarda a sa mutum aiki. Da safe ina wurin karin kumallo, da rana ina kwashe faranti a hawan sama, da dare zama biyu.

Abin da ya fi tukuicin ciwo ma takardar ra'ayi ce da ake turo muku bayan an sauka. A inda na yi aiki, makin da fasinjojina suka bayar shi ke yanke teburan da za a ba ni mako mai zuwa. Akwai makon da aka yi ta kawo nama mai tauri, wani tebur na mutum takwas suka ba da maki huɗu-huɗu bisa goma. Sun yi ta wasa da ni har daren ƙarshe, har hoto muka ɗauka. Sati na gaba aka mai da ni can ƙurya, mafi nisa da kicin, inda abinci ya fi hucewa kafin ya iso. Shi ya sa za ki ga sabis a daren ƙarshe yana ta zagaye-zagaye yana roƙon a ba shi goma. Ba rashin kunya ba ne.

Ummi: Wayyo. Ashe shi ya sa namu ya yi ta maimaitawa. Na zaci son yabo ne.

Dakta Zainab: Bashir, to akwai dabarar samun abinci da zafi ba tare da ƙarin kuɗi ba?

Bashir: Akwai, Anti. Na farko, a zo kan lokaci. Tebur in ya makara, odarsa na shiga bayan ta kowa. Na biyu, duk mai buƙata ta musamman, ko halal ne, ko rashin jituwa da wani abinci, ya sanar da kamfani tun makonni kafin tafiya, sannan ya gaya wa shugaban sabis a daren farko. Irin wannan tun daren jiya ake karɓar odar gobe, kuma daban ake haɗa ta, ba a cikin layi ba. Na uku, abin da aka dafa da romo ya fi jure jira a kan soyayye ko gasasshen kifi. In kuma ya zo da sanyi a mayar nan take. Mayarwa ba ta taɓa sabis, a kicin ake rubuta ta.

Alhaji Tanimu: Kin ji ko, Hajiya? Da kin mayar da kifin.

Hajiya Rabi: Na ji kunyar yaron ne, gumi yake yi. Amma kada ka ɗauka na sauka daga maganata, Alhaji. Wanda ya san gini zai zuba ya ƙi tokarewa saboda yana sayar da bulo, ni dai da gangan nake kiransa.

Bashir, takardar tasu tana nan cikin imel ɗina tun safe, ban cike ba. Da niyyar zuba musu uku na kwana. Yaya zan yi ta faɗa kan ofis ba kan yaron ba?

Bashir: Ki duba da kyau, Hajiya, tambayar ingancin abinci daban take da ta sabis. Ki ba abinci abin da ya cancanta, ko ukun ne. Ta sabis ki ba shi nasa. A wurin rubutu kuma ki faɗi ƙarara cewa teburan sun yi wa mutum ɗaya yawa, ki kuma sa sunansa in kin tuna, don ana karanta wa ma'aikata sunayen da fasinja suka yaba.

Hajiya Rabi: Na tuna, ɗan tsibirin Bali na Indonesiya ne, yana nan a hoton da jikata ta ɗauka da bajon sunansa a ƙirji. Bari in nemo tabarau.

Alhaji Tanimu: Mai katin rangwamen fa, nawa za ki ba shi?

Hajiya Rabi: Ba su sa tambayarsa ba. Na duba sau biyu.