Ƙarfen rufin shago ya lanƙwashe a gobara

Mai walda, Dilimi: Assalamu alaikum. Makon jiya shagon ƙanena a nan Jos ya ƙone. Ƙarafunan rufin ba su narke ba, amma sun lanƙwashe sun zubo ƙasa. Ni na yi waldar, abin ya tsaya mini a rai. Me ya jawo?

Injiniya, Rayfield: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Malam, ƙarfe ba ya narkewa sai wajen digiri 1,500 a ma'aunin Celsius, amma tun a digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, sai nauyin rufin ya danne shi. Akwai irin ƙarfen da ake zuba wa wasu ma'adinai, molibdinom da ɗan niyobiyom, suna hana shi saurin saki. A Japan, sai ya riƙe kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a digiri 600 ake kiransa mai jure wuta. Shi ma in wutar ta daɗe, zai sallama.

Dattijo, Bukuru: Niyobiyom ɗin nan ana samun sa a ma'adinin kolombait, wanda iyayenmu suka haƙa tare da kuza a ƙasar nan.

Injiniya: Haka ne, Baba. Malam, don Allah kada ka miƙe ƙonannun ka mayar sai an gwada su.